"Ina Ganinsu Duka, Yawa Suka Yi Mini": Mu Daina Yi Wa Tsofaffi Tsawa a Titi

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan la'asar, ina tsaye a bakin titi kusa da Tashar Dukku, a cikin garin Gombe, ina jiran keke. Wani dattijo ya zo zai tsallaka. Farar hula ce a kansa, 'yar leda a hannun hagu, carbi a naɗe a wuyan hannun dama. Ya duba nan, ya duba can, ya sa ƙafa.

Yana kaiwa tsakiyar titi sai wata keke ta ɓullo ta bayan motar kaya, ɗan achaba kuma ya kunno kai ta ɗaya gefen yana danna hon. Dattijon nan ya tsaya cak. Bai yi gaba ba, bai koma baya ba.

Ɗan achaban ya taka birki har tayar baya ta ja ƙasa. Yaro ne, da wuya in ya wuce shekara 20. Ya ɗaga murya ya ce, "Baba, makaho ne kai? In ba ka gani ka zauna a gida mana!" Ya fizgi mashin ɗinsa ya wuce.

Na shiga na kama hannun dattijon muka ƙarasa tsallakawa. Hannun sai rawa yake yi. Na ce, "Sannu Baba. Ko idon ne yake damun ka?" Ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, idona ƙalau. Ina ganinsu duka. Yawa suka yi mini."

Bai yi ƙarya ba. A gabana ya tsaya wajen mai gyaɗa, ya zaro naira 200 daga cikin tsofaffin takardun kuɗi, ko kusantar da ita fuskarsa bai yi ba.

Tun ranar maganarsa take yi mini yawo a kai, kuma ita ta sa na zauna rubuta wannan. Matsayina shi ne: yawancin tsofaffin da muke yi wa tsawa a titunan Gombe ba makafi ba ne, ba kuma taurin kai suke yi ba. Ƙwaƙwalwarsu ce ta kai shekarun da take buƙatar ƙarin lokaci kaɗan kafin ta tantance abin da ido ya kawo mata. Hon da ihun da muke yi musu ƙara dagula lamarin suke yi. Saboda haka gyaran yana wuyan mu masu sauri, da wuyan masu tsara mana tituna, kafin ya zo kan tsohon.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Mun saba ɗauka cewa gani aikin ido ne kawai. Ido yana karɓar haske ne, ya aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya. A nan ake fara haɗa hoton. Daga nan wasu sassan su tantance mene ne wannan, daga ina ya taho, da wane irin gudu. Sashen gaba, wanda ke bayan goshi, shi yake zaɓen abin da za a mai da hankali a kai da wanda za a kyale.

Shekaru suna taɓa kowane mataki na wannan tafiya. Baƙin tsakiyar ido, inda haske ke shiga, yana ƙanƙancewa, gilashin da ke cikin idon kuma yana yin duhu-duhu. Masana ido sun ƙiyasta cewa hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke isa idon ɗan shekara 20. Kai da mahaifinka kuna tsaye a titi ɗaya da magariba, amma magaribarsa ta fi taka duhu.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa ma suna da rufi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, wanda yake sa saƙo ya yi gudu. Wannan rufin yana sanyi da tsufa. Saƙon yana isa, amma a makare. Wani masani ɗan Amurka, Timothy Salthouse, ya nuna a 1996 cewa wannan raguwar saurin ita ce tushen da yawa daga cikin abin da muke kira rauni na tunanin tsofaffi.

Sai abin da ya fi kama da maganar dattijon Tashar Dukku. A 2005, Adam Gazzaley da abokan aikinsa sun sa matasa da tsofaffi cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna musu hotunan fuskoki da na wurare, a ce su riƙe wasu su kyale wasu. Wajen mai da hankali kan abin da aka ce a riƙe, tsofaffin ba su yi kasa a gwiwa ba. Inda suka gaza shi ne kyale abin da aka ce a kyale. Ƙwaƙwalwar yaro tana toshe abin da bai shafe ta ba. Ta tsoho tana barin komai ya shigo: keke, mashin, mai tallan ruwa, hon, rediyon mai shago, duk a lokaci ɗaya, kowa na neman a kula shi.

To ka ɗora hon a kan wannan. Ka ɗora "makaho ne kai?" a kai. Mutumin da yake fama ya rage abin da ke kansa, ka ƙara masa biyu. Shi ya sa yake sandarewa a wuri ɗaya.

"A saya masa tabarau mana"

Wannan ita ce amsar farko da na samu da na ba abokaina labari, kuma ba zan raina ta ba. Ciwon ido gaskiya ne a yankinmu. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma Arewa maso Gabas ce ta fi kowane yanki. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, hawan jinin ido na biye da ita. Yanar ido kuwa aiki ne na ɗan lokaci a cire ta. Duk wanda ke da tsoho a gida ya kai shi a duba masa ido, ko bai yi ƙorafi ba, domin hawan jinin ido ba ya sallama, ta gefe yake fara cin gani.

Amma tabarau da aikin yanar ido suna gyara ido ne. Ba sa mayar wa ƙwaƙwalwa saurinta.

Na ga wannan a gidanmu. Bappana, ƙanin mahaifina, direban motar haya ne tun yana saurayi, ya yi shekaru yana bin hanyar Gombe zuwa Jos. Aka yi masa aikin yana a ido biyu, ya warke sarai. Da aka sa shi gaban allon haruffan nan na asibiti, ya karanta har layukan ƙasa, yana murna yana cewa ya koma yaro. Ba a yi wata uku ba, a wata mahaɗa cikin Jekadafari, ya gogi wani mai mashin da ya fito ta damansa. Allah Ya tsare, ba wanda ya ji ciwo sosai. Ya rantse mini bai ga yaron ba, kuma na yarda da shi. Idonsa yana kan motar da ke gabansa, abin da ya taho ta wutsiyar ido bai samu shiga ba.

Allon asibiti yana gwada ka ne kana zaune, ɗaki shiru, harafi ɗaya a tsaye yana jiran ka. Titi ba ya jiran kowa.

Masu bincike suna da ma'auni na daban don wannan. Suna auna faɗin abin da mutum zai iya kamawa a kallo ɗaya ba tare da ya juya kai ko ido ba, musamman idan hankalinsa yana kan wani abu a tsakiya. Wannan faɗin yana tsukewa da shekaru. Cynthia Owsley da Karlene Ball, a Jami'ar Alabama da ke Birmingham a Amurka, sun bi direbobi 294 masu shekara 55 zuwa 87 har tsawon shekara uku. Sakamakon da suka fitar a 1998 ya nuna cewa waɗanda faɗin nan nasu ya ragu da kashi 40 cikin ɗari ko fiye, haɗarin da suke yi ya ninka na sauran sau biyu da ɗoriya. Karatun allon haruffa bai iya nuna wanda zai yi haɗari kamar yadda wannan ma'aunin ya nuna ba.

"Ai gigin tsufa ne"

A'a. Gigin tsufa ciwo ne, mai shi yakan manta hanyar gidansa, ya manta sunan ɗansa, kuma yana buƙatar likita. Abin da nake magana a kai yana samun kowa, har mai cikakken hankali. Malamin da zai kawo maka nassi da shafinsa daga ka, dattijuwar da ta san ranar haihuwar kowane jika, su ne dai za ka gani sun rikice a shataletale. Ilimi da kalmomi da sanin mutane ba sa gudu da wuri, wasu ma ƙaruwa suke yi. Sauri ne yake tafiya.

Yana ɓata mini rai yadda muke saurin liƙa wa mutum "ya fara rikicewa" don kawai ya daɗe a gaban na'urar cirar kuɗi. Da zarar an liƙa masa, sai a daina shawara da shi a gida. Wannan zalunci ne, kuma a kan kuskuren fahimta aka gina shi.

"To su zauna a gida"

Wannan ita ce maganar ɗan achaba, kuma mutane da yawa da ba za su faɗe ta da baki ba suna riƙe da ita a zuci. Wasu ma da kyakkyawar niyya: gara Baba ya zauna lafiya da a kawo mana shi a kwance.

Ya zauna a gida ya ci me? Ka zaga Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa ka ƙirga masu furfura da ke zaune gaban tiren goro, da masu ɗinkin hula, da masu gyaran takalmi, da tsofaffin mata masu daddawa da kuka. Ba nishaɗi ya fito da su ba. Da yawansu jikoki marayu suke ciyarwa. Wanda ya yi aikin gwamnati ma sai ya fita tantancewar fansho, ya bi layin banki.

Ko da an ɗauke masa nauyin ci da sha, rayuwar dattijo a garinmu a waje take. Salloli biyar a masallaci, zaman majalisa bayan la'asar, jana'iza, ɗaurin aure, gaisuwar mara lafiya, sulhunta ma'aurata. Ranar da ka ce kada ya tsallaka titi, ka yanke shi daga duk wannan. Na ga tsofaffin da aka zaunar don tausayi, cikin shekara ɗaya suka dusashe, ƙafa ta mutu, magana ta ragu. Jiki da ƙwaƙwalwa duka suna son motsi da mutane.

Sannan ina tambaya: titin na wa ne? Dattijon nan yana bin wannan hanyar tun Gombe tana ƙaramar hukuma a tsohuwar Jihar Bauchi, kafin a ba mu jiha a 1996. Garin ya buɗe, an faɗaɗa tituna, an raba su biyu, motoci da kekuna da mashina sun ninka. Duk mun ji daɗin wannan. Amma titin da aka faɗaɗa ya ƙara wa mai ƙafa nisan da zai ratsa, ya kuma ƙara wa mai mota gudu. Mashin da ke tafiyar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Idan ƙwaƙwalwar tsoho ta makara da daƙiƙa ɗaya tak, mashin ɗin da ya hango a nesa ya riga ya iso kansa.

Ƙafar ma ba ta taimaka masa. A Ingila, inda ake saita fitilun tsallaka titi kan tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa, wani bincike na 2012 ya gano cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na masu shekara 65 zuwa sama ba sa iya wannan saurin. Can ke nan da motoci ke tsayawa idan fitila ta ba mai ƙafa hannu. Mu a nan tsoho shi zai lissafa gudun kowane abin hawa da kansa, ta ɓangare biyu, wani lokaci har da mai bin hannun da ba nasa ba.

Mu da aka hana mu ce wa iyaye ko "tir", ban san yadda muka kai ga kiran sa'an kakanmu makaho a bainar jama'a ba.

"Tsohon direba ya fi yaro iya tuƙi"

Wannan ƙorafin daga ɗaya ɓangaren yake fitowa, daga dattawan kansu, kuma dole in yi musu adalci in kuma faɗa musu gaskiya.

Suna da hujja. Tsohon direba ba ya tseren banza, ba ya tuƙi yana danna waya, ya san kowace kwana da kowane rami tsakanin Gombe da Kaltungo. Sau da yawa yana hango haɗari tun kafin ya haɗu, saboda ya taɓa ganin irinsa. Da a ba ni zaɓi da rana tsaka, motar dattijo zan shiga.

Amma gogewa tana da iyaka. Tana taimaka maka a kan abin da ka saba gani. Ba ta taimaka maka idan akuya ta faɗo titi daga gefe, ko yaro ya biyo ƙwallo. Da dare kuma lamarin ya fi tsanani. Idan babbar mota ta dalle ka da fitila, kowa yakan ɗan makance, amma idon tsoho ya fi daɗewa kafin ya dawo daidai. A cikin wannan ɗan tsakanin motar tana tafiya, ba mai ganin gabanta. Ka haɗa da hazon hunturu, ka haɗa da motocin da ke tsayawa a hanya ba fitilar baya, sai ganye da aka jera a kwalta.

Don haka ina ganin duk direban haya da ya haura 60 ya kamata a riƙa duba shi akai-akai, dubawa ta gaske, wadda ta wuce karanta allo. A gwada ganinsa na gefe, a gwada yadda yake ɗaukar hasken fitila, a gwada yadda yake raba hankali tsakanin abu biyu. Ba don a ƙwace masa abinci ba. Wanda aka ga dare ya fara yi masa nauyi, 'yan kamasho su ba shi lodin safe, a bar wa matasa na yamma. Ƙungiyoyin direbobi sun san 'ya'yansu fiye da kowane jami'i, za su iya tsara wannan a tasha ba tare da an ci mutuncin kowa ba.

Kuma ba a ce abin ba ya gyaruwa ko kaɗan ba. A wani babban gwaji da aka fara a Amurka a 1998, da tsofaffi sama da 2,800, waɗanda aka yi wa horon saurin gani a kwamfuta sun inganta, kuma a shekarun da suka biyo baya haɗarin da suka jawo da mota ya yi kusan rabin na waɗanda ba a horar ba. Ba mu da irin wannan horon a unguwanninmu, amma ya nuna cewa ƙwaƙwalwar tsoho tana karɓar gyara. Abin da ke hannunmu shi ne kula da hawan jini da ciwon suga, waɗanda ke lalata ƙananan jijiyoyin jini na ido da na ƙwaƙwalwa tare, da barci isasshe, da tafiyar ƙafa kullum.

"Wa zai biya?"

Mafi yawan abin da nake nema ba ya cin kuɗi. Ɗan achaba ya ɗaga yatsa daga kan hon idan ya ga furfura a titi, ya rage gudu tun daga nesa, ya tsaya a inda tsohon zai gan shi. Shugabannin 'yan achaba da na masu keke suna tara yaransu kullum don karɓar kuɗin tikiti, su ƙara wannan a cikin abin da suke faɗa musu. Limamai su taɓo shi a huɗuba.

Wanda ke cin kuɗin ma ba gada ba ce. Tsoho mai ciwon gwiwa ba zai hau matakala arba'in don ya tsallaka titi ba. Abin da yake so shi ne wuri mai faɗi a tsakiyar titi inda zai tsaya ya huta, ya fuskanci hannu ɗaya, ya gama da shi, sannan ya fuskanci ɗayan. Wannan kaɗai ya raba masa aikin biyu. Sai tudun rage gudu a gaban masallatan Juma'a da kasuwanni da asibitoci, da fitilar titi mai aiki a daidai inda mutane ke tsallakawa, domin magariba da isha su ne lokacin da suka fi fita kuma lokacin da idonsu ya fi rauni. Muna da dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta 2017. Ina so in ga ruhin wannan dokar ya sauko har bakin kwalta a Pantami da Bolari da Tudun Wada.

A banki da wajen mai POS ma haka. Allon na'ura yana sauyawa kafin dattijo ya gama karantawa, na baya suna tsaki, sai ya miƙa katinsa da lambar sirri ga wanda bai sani ba. Ta nan ake kwashe wa da yawa kuɗi. Layi na daban da ma'aikaci ɗaya mai haƙuri zai rage wannan. A gida kuma, in za ka nuna wa Inna wani abu a waya, kashe talabijin tukuna, ka ƙara girman rubutun, ka nuna mata abu ɗaya ka jira.

Bappa bai ajiye tuƙi ba, kuma ba mu nemi ya ajiye ba. Bayan abin da ya faru a Jekadafari na je gidansa da daddare, na zauna a ƙasa kusa da tabarmarsa, na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Bappa, ku kuka koya mana hanya, ba mu isa mu koya muku ba. Amma hankalinmu ba ya kwanciya idan dare ya yi kuna waje." Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce shi ma ya lura, tun bara fitilun manyan motoci suke ɗauke masa hanya, kunyar faɗa yake ji.

Yanzu da safe yake fita. In ya yi lodi ɗaya ya dawo, kafin a kira magariba ya miƙa wa babban ɗansa makulli, ya ɗauki butarsa. Masallacin yana tsallaken titi, don haka ƙaramin jikansa ne yake riƙe masa hannu, su tsaya a bakin kwalta har sai hanya ta yi sarari ta ɓangare biyu.